Buhari: Sunan Garin da Ya Iso Ƙasar Hausa a Cikin Gafaka

Ranar suna da hantsi, idan liman ya gama addu'a ya ce an samu Muhammadu Buhari, maroƙi ya karɓa ya yayata, jama'a suka amsa da "Allah Ya raya", ba kowa a wurin ne ya san cewa sunan gari aka ambata ba. Buhari ba ya cikin sunayen annabawa, ba ya cikin na sahabbai, kuma ba siffa ce irin Aminu ko Nasiru ba. Ma'anarsa ɗaya ce tak: mutumin Buhara. Da a ce da Hausa aka gina kalmar, da sai mu ce Babuhare, kamar yadda muke cewa Bakano, Bakatsine, Bazazzagi ko Basakkwace.

Larabawa suna da hanyarsu ta danganta mutum da garinsu, ita ce malamai suke kira nisba. A ɗauki sunan gari, a liƙa masa wasalin "i" mai ƙarfi a ƙarshe, a sa masa "al" a gaba. Makka ta ba da al-Makki, Basra ta ba da al-Basri, Bukhara ta ba da al-Bukhari. Da kalmar ta shigo bakin Bahaushe sai abu uku suka same ta. Na farko, "al" ɗin ya faɗi. Na biyu, harafin kha, wanda ake gurzo shi daga maƙogwaro, ya koma ha, domin babu shi a Hausa. Ba a kan wannan suna kaɗai hakan ya faru ba: Khadija ta zama Hadiza, Khalid ya zama Halidu, Khalil ya zama Halilu, khamsin ya zama hamsin, al-khair ya zama alheri. Na uku, ƙarfin da ke kan harafin ƙarshe ya sassauta. Abin da bai taɓu ba shi ne jan da ke kan "ha": Bu-haa-ri. Wanda ya ce Buhari lalataccen furuci ne da ya kamata a gyara, to sai ya fara gyara alheri da Alhamis tukuna. Kalmar ta bi ƙa'idar harshen da ta sauka ne, ba kuskure aka yi ba.

Shi garin yana nan har gobe, a ƙasar Uzbekistan ta tsakiyar nahiyar Asiya, a kwarin kogin Zarafshan, kan tsohuwar hanyar fatake masu safarar siliki tsakanin Sin da ƙasashen yamma. Mutanen can suna rubuta shi Buxoro. Masana sun kasu biyu kan asalin sunan: wasu sun ce daga kalmar vihara ce, wato gidan ibadar mabiya addinin Buda, wasu kuma sun ce daga tsohon harshen mutanen yankin ne, da ma'anar wuri mai sa'a. Rundunar Musulmi ƙarƙashin Ƙutaiba ɗan Muslim ta ci garin a shekarar 709. Daga baya ya zama hedikwatar daular Samaniyawa, kuma a wani ƙauye kusa da shi aka haifi shahararren likita Ibnu Sina wajen shekarar 980. Akwai wata hasumiya a tsakiyar garin, Kalyan, da aka gama a 1127, tsayinta ya haura mita 45. Ta tsira daga ɓarnar da Jangiz Khan ya yi wa garin a 1220, tana nan tsaye. Sarautar Buhara ta faɗa ƙarƙashin ikon Rasha a 1868, rundunar 'yan gurguzu ta rushe ta a 1920, Uzbekistan ta samu 'yancin kai a 1991, sannan UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1993.

Duk wannan tarihi, babu ko ɗaya daga ciki da ya kawo sunan ƙasar Hausa. Fatakenmu sun san Gwanja, sun san Agadas da Gat da Tarabulus, alhazanmu sun san Sudan da Masar da Hijaz, amma babu ayarin da ya taɓa tashi daga Kano ya nufi Buhara. Sunan bai zo a bayan raƙumi cikin kayan fatauci ba. A cikin gafakar malami ya zo, rubuce a bangon littafi.

Littafin shi ne Sahihul Buhari, mai shi kuwa shi ne Imam Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Isma'ila ɗan Ibrahim ɗan Mugira ɗan Bardizba. An haife shi a Buhara ranar Juma'a, 13 ga Shawwal, shekara ta 194 bayan Hijira, daidai da watan Yuli na 810. A lura da sunan kakan kakansa, Bardizba: ba na Larabci ba ne. Bafarishe ne mai bin addinin majusanci. Ɗansa Mugira ne ya musulunta a hannun wani gwamnan Buhara mai suna Yaman al-Ju'ufi, shi ya sa ake kiran Imam da al-Ju'ufi, ba don jininsu ɗaya da waccan ƙabila ba. Wannan abu ne da ya kamata ya shiga ran duk Bahaushen da ke ɗauke da sunan. Mutumin da ya tsara littafin da Ahlus-Sunna suka yi ittifaƙi a kan cewa babu wanda ya fi shi inganci bayan Alƙur'ani, ba Balarabe ba ne, jikan sababbin shiga Musulunci ne daga can gefen duniyar Musulmi ta wancan zamani.

Maraya ya tashi, a hannun mahaifiyarsa. Yana da shekara 16 ya tafi aikin Hajji tare da ita da yayansa Ahmad; su suka koma gida, shi ya zauna neman hadisi. Ya zagaya Makka da Madina, Basra da Kufa da Bagadaza, Sham da Masar. Shekara 16 ya ɗauka yana tace littafinsa daga cikin ruwayoyi kimanin 600,000 da ya tara. Abin da ya fito daga wannan rairaya shi ne littafi mai manyan kashi 97, hadisai 7,563 a lissafin da bugun zamani suka fi bi idan an haɗa da maimaici, ko kimanin 2,600 idan an cire maimaicin, bisa ƙidayar Ibnu Hajar, mai sharhin littafin. Hadisin farko a ciki shi ne wanda kowane ɗan islamiyya ya haddace, cewa ayyuka suna tare da niyya.

Ƙarshen rayuwarsa yana da ban tausayi, kuma ya shafi zancenmu kai tsaye. Gwamnan Buhara, Khalid ɗan Ahmad, ya nemi ya riƙa zuwa fada yana karantar da shi da 'ya'yansa a keɓe. Imam ya ƙi, a kan cewa ilimi ake zuwa wa, ba shi ke bin ƙofofin masu mulki ba. Aka kore shi daga garin. Ya sauka wurin danginsa a wani ƙauye mai suna Khartank, kusa da Samarkand, a nan ya rasu daren ƙaramar Sallah na shekara ta 256 bayan Hijira, wato 870, yana da shekara 62 saura 'yan kwanaki. Kabarinsa yana can, fiye da kilomita 200 daga garin da ya kai sunansa kowane lungu na duniya. Wanda duk ya samu ikon zuwa Uzbekistan da niyyar ziyara, Samarkand zai nufa, ba Buhara ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

To yaya laƙabin malami ya koma sunan yanka? A zaurukan karatu ba a kiran littafi da dogon sunansa. A ce wane ya sauke Ahalari, ya shiga Ishmawi, yana karanta Iziyya, ya kai Risala. Haka ake cewa wane yana karatun Buhari. Kalmar ta daɗe tana yawo a bakin malamai da almajirai tana nufin ƙololuwar karatun hadisi, har ta kai idan Bahaushe yana son ya nuna magana ba ta da tantama sai ya ce ai tana cikin Buhari. Sunan da ya samu irin wannan nauyi, jira kawai yake wani uba mai son ilimi ya ɗora shi a kan ɗansa, da fatan albarka ta bi shi. Hausawa sun ce suna linzami.

Gidan da ya fi kowane ba wa sunan gindin zama shi ne gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Malam Abdullahi na Gwandu, a inda ya lissafa malaman da suka karantar da su, ya ambaci cewa shi da yayansa Shehu sun karanta Sahihul Buhari a wurin wani daga cikin iyayensu, Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wajen shekarar 1786. A cikin waɗannan shekaru ne aka haifa wa Shehu ɗa aka sa masa Muhammadu Buhari. Ya tashi malami, mawaƙin Larabci, mayaƙi, daga baya ya riƙe ribaɗin Tambuwal, inda sarauta ta zauna a hannun zuriyarsa. Irin wannan zaɓi ba baƙo ba ne a gidan, domin wani ɗan Shehu, Ahmadu Rufa'i, wanda ya yi Sarkin Musulmi daga 1867 zuwa 1873, shi ma sunan wani babban shehi ya ci gaba ɗaya da laƙabinsa. Abin da gidan Shehu ya yi kuwa, gidajen masu tuta da na malamai a faɗin daular sukan bi. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 sunan ya kai gabas: Sarkin Haɗejiya Buhari ɗan Sambo ya hau gado a 1848, Sakkwato ta tuɓe shi, ya dawo da ƙarfin takobi ya yi mulki yana tawaye har rasuwarsa a 1863. Tarihinsa mai zafi ne, amma ko shi bai sa mutane sun guji sunan ba, domin kowa ya san ba daga kansa aka faro shi ba.

Zango na uku, bayan na zaurukan karatu da na gidan Shehu, shi ne wanda kowa ya sani. Muhammadu Buhari na Daura, haihuwar 17 ga Disamba 1942, ya zama shugaban mulkin soja a ƙarshen Disambar 1983 zuwa Agustan 1985, ya nemi shugabanci a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, ya ci a 2015, ya sauka a 2023, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025 aka binne shi a Daura. A shekarun da farin jininsa ya kai ƙololuwa a Arewa, gidaje da yawa sun yi masa takwara, kuma ta dalilinsa ne duniyar da ba ta san hadisi ba ta san wannan kalma da rubutunta na Hausa. Abin da mutane da yawa, musamman na waje, ba su gane ba shi ne Buhari ba sunan mahaifinsa ba ne, ba kuma sunan zuriya ba ne. Mahaifinsa Harɗo Adamu ne. Muhammadu Buhari gaba ɗaya sunan yankansa ne, daga baya ne tsarin takardun boko ya mayar da rabin sunan ya zama sunan iyali.

A nan ne Hausawa suka bambanta da sauran Musulmin duniya. A Indiya da Pakistan, Bukhari sunan dangi ne na sharifan da kakanninsu suka taso daga can. Limaman babban masallacin Juma'a na Delhi suna ɗauke da shi tun 1656. A Hijaz, idan aka ce wane Bukhari, ana nufin jikan mutanen tsakiyar Asiya da suka zauna a Makka da Madina, kuma daga wurinsu ne aka samu dafa-dukar shinkafar nan da alhazai suka sani da ruz bukhari. A Maroko, Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya kafa runduna ta baƙaƙen fata da ake kira Abid al-Bukhari, saboda a kan littafin suka yi masa rantsuwar biyayya. Mu kuwa muka ɗauke shi muka raɗa wa jariri ɗan kwana bakwai, wanda babu kowa a danginsa da ya taɓa ganin garin.

Buhari ba shi kaɗai ba ne. Yana da 'yan'uwa da yawa a cikin sunayenmu, duk garuruwa ne da suka zo a bayan wani malami ko waliyyi. Jilani daga Jilan ne, a arewacin Iran, ta hanyar Shehu Abdulƙadir. Dasuki daga Dasuƙ ne a Masar, ta hanyar Shehu Ibrahim. Sayuɗi daga Asyuɗ ne a kudancin Masar, ta hanyar Abdurrahman Jalaluddini, wanda ya rasu a 1505. Shazali daga ƙauyen Shazila ne kusa da Tunis. Tirmizi daga Tirmiz, ita ma a Uzbekistan. Nawawi daga Nawa a Sham. Farisi, na Salmanu, daga Farisa. Sai dai a yi hattara, ba kowane suna mai ƙarewa da "i" ne na gari ba: Tijjani da Jazuli na ƙabila ne, Rufa'i kuma na kaka ne.

Daga wannan jerin za a ga wata ƙa'ida da malaman da suka riƙe, wadda yanzu ake sakaci da ita. Irin wannan suna ba ya tafiya shi kaɗai, yana da abokin tafiya, wato ainihin sunan mai laƙabin. Abdulƙadir ke ɗaukar Jilani, Ibrahim ke ɗaukar Dasuki, kamar yadda aka gani a sunan Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki da ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996. Ahmadu ke ɗaukar Tijjani da Rufa'i, Abdurrahman ke ɗaukar Sayuɗi, Muhammadu kuma ke ɗaukar Buhari. Ba haramun ba ne a ce Usman Buhari ko Yusuf Buhari, shari'a ba ta hana ba, amma duk wanda ya ji zai ɗauka Buharin mahaifi ne, kuma takwarar da aka yi niyya ba ta cika ba. Ni a ganina wanda zai sa sunan ya sa shi cikakke. Yaron ya samu sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma samu laƙabin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen tace maganarsa.

Bari mu zo kan aikin kansa. Haƙƙin zaɓen suna na uba ne, ko da yake shawara da mai jego da kakanni ita ce zaman lafiya. Mafi yawan gidaje sukan yi wa jariri huɗuba tun ranar haihuwa, a raɗa masa sunan a kunne, sai a ɓoye har ranar bakwai. Wannan yana da madogara a cikin littafin da muke magana a kai: babin farko na kashin da ya shafi yankan suna yana magana ne kan sa wa jariri suna a safiyar da aka haife shi, kuma a nan aka kawo hadisin Abu Musa, wanda ya kai ɗansa wurin Annabi, ya sa masa Ibrahim, ya tauna dabino ya shafa masa a ganɗa.

Lissafin kwana bakwai shi ne inda aka fi samun ruɗani. A mazhabar Malikiyya, idan an haihu bayan fitowar alfijir, ba a ƙirga wannan rana. Wanda aka haifa Talata da rana, Laraba ce ranarsa ta farko, suna ya faɗo Talata mai zuwa. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce ranar ta zagayo. Idan kuwa kafin alfijir na Talata aka haihu, Talatar ta shiga lissafi, suna ya zama Litinin. Gidaje da yawa sukan yi kuskuren kwana ɗaya a haihuwar dare saboda sun bi agogon asibiti da ke sauya rana da ƙarfe 12. Dabbar yanka a Malikiyya ɗaya ce, ko namiji aka haifa ko mace; sauran mazhabobi suna yin biyu ga namiji, ɗaya ga mace, kowa da hujjarsa. Sharaɗin dabbar shi ne na layya: kada ta zama mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko mai ciwo bayyananne, ko ramammiya. Lokacin yanka hantsi ne, ba dare ba. Wanzami ya yi aski, a auna gashin, a yi sadaka da kimar nauyinsa na azurfa ko zinariya. Gashin jariri ba ya wuce 'yan giram kaɗan, don haka ba abu ne mai nauyi a aljihu ba. Wanda ba shi da halin rago, sunan ɗansa ya tabbata ba tare da shi ba, kada ya ci bashin da zai hana mai jego abinci.

Matsalar da ta fi kowace cin mutane a yau ba a wurin taro take ba, a kan takarda take. Fom ɗin hukuma yana da gurbi uku: sunan farko, na tsakiya, da na mahaifi. Yaro mai suna Muhammadu Buhari ɗan Malam Sani, yadda ya kamata a cike shi ne Muhammad a gurbin farko, Buhari a tsakiya, Sani a gurbin mahaifi. Abin da ya saba faruwa shi ne malamin firamare ya tambayi yaro sunansa, ya ce Muhammad Buhari, sai a rubuta Buhari a gurbin mahaifi, Sani ya ɓace. A gida kuwa an yi masa takardar haihuwa da Buhari Sani, saboda da Buhari ake kiransa. Shekara goma sha biyar babu wanda zai lura. Ranar da za a yi rajistar JAMB, wadda tun 2021 ba ta yiwuwa sai da lambar NIN, ko ranar buɗe asusun banki ko neman fasfo, a ranar ce za a tarar da mutum ɗaya da suna biyu. Gyara kuwa sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, a buga a jarida, a bi layi a ofis fiye da ɗaya. Idan mahaifin ma Muhammad ne, abin ya ƙara cakuɗewa, domin za a samu Muhammad Buhari Muhammad, wani ma'aikacin ya ɗauka maimaici ne ya share ɗaya.

Maganin mai sauƙi ne idan an yi shi da wuri. Kafin a watse daga taron suna, uba ya rubuta sunan a takarda, gurbi uku, da haruffan da ya zaɓa. Da wannan takarda za a je a yi rajistar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ba wa iyaye kwana 60 su yi. Daga nan duk inda za a rubuta sunan yaron, katin rigakafi ne ko rajistar makaranta, a miƙa takardar haihuwar a kwafa daga jikinta, kada a faɗa da baki.

Sai zaɓen haruffa. Buhari da Bukhari duk daidai ne, na farko furucin Hausa, na biyu ya fi kusa da Larabci. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai har abada, domin kwamfuta ba ta san asalinsu ɗaya ba. A guji Al-Bukhari mai ɗan layi a tsakiya, saboda wasu na'urorin sukan ƙi karɓar layin, sai a samu Albukhari a wata takarda, Al Bukhari a wata. Haka Muhammad, Muhammadu, Mohammed da Muh'd: ɗaya za a riƙe, kuma kada a taɓa yarda da taƙaitaccen a takardar hukuma. 'Yan'uwanmu na Nijar su kula da wani tarko na daban. A rubutun Faransanci Bouhari shi ne namu, amma Boukari da Boukary, kamar Bukari a Gana da Bukar a Borno, mafi yawa daga Abubakar suka fito, babu abin da ya haɗa su da Buhara. Ma'aikacin rajista da ya saba da Boukari zai iya sauya wa yaro suna gaba ɗaya da harafi ɗaya. Wanda kuma zai tura ɗansa karatu ƙasar Larabawa ya tabbata an rubuta sunan da harafin kha. Idan aka bar mai fassara ya kwafo daga boko, zai sa ha da wawu, sunan ya fito baƙo marar asali. Jaridun Larabawa da yawa haka suka riƙa rubuta sunan marigayi shugaban ƙasa.

Akwai kuma ma'anar ƙarya da ke yawo. A Larabci bukhar yana nufin tururi, kuma siffar da ake ginawa daga gare shi rubutunta ɗaya ne da sunanmu, ita ake amfani da ita ga injin da ke aiki da tururi. Saboda haka wanda ya jefa sunan cikin manhajar fassara ta waya zai iya ganin an ce masa "na tururi", wasu ma su danganta shi da turaren wuta. Haɗuwar rubutu ce kawai. Idan yaro ya tambayi ma'anar sunansa, amsar ita ce mutumin Buhara, sannan a gaya masa wane ne mutumin.

Wannan gaya masa ɗin yana da muhimmanci fiye da da. Yaron da aka haifa a shekarun nan da wannan suna, abokansa za su kira shi Janar ko Baba, kuma duk wanda ya ji sunan zai fara kawo siyasa a ransa, da so ko da ƙi. Har kalmar Buhariyya, wadda a ƙa'idar Larabci ita ce ta mace, siyasa ta riga ta ɗauke ta ta zama sunan magoya baya. Wanda ya yi takwara don ƙaunar shugaba ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi, babu laifi. Amma yaron zai rayu da sunan shekara sittin ko saba'in bayan an manta da zaɓen da aka haife shi a cikinsa, kuma zai fi masa amfani ya san cewa shi ma shugaban takwaran wani ne. Idan kuma sunan kaka aka mayar, har ya zama mai jego ba za ta iya furta shi ba saboda kunya, sai ana kiransa Abba ko Baffa ko Halifa, to a kula sunan alkunyar ya tsaya a tsakar gida, kada ya bi yaron har cikin rajistar makaranta.

Ga 'ya mace, wannan hanya ta nisba ba ta yi yawa ba, in ban da irin su Makkiyya. Iyaye sukan ɗauki sunan wurin ne kai tsaye, kuma kusan duka daga ƙasa mai tsarki: Madina, Safa, Marwa, Mina, Arafat, Zamzam, Rauda. A can wurin ne da kansa ake ƙauna, babu mutum a tsakani, kuma sau da yawa haihuwar ta dace ne da lokacin da wani a gidan yake aikin Hajji ko ya dawo. Mai son ya haɗa 'yarsa da littafin Buhari kuwa yana da sunan da zai ɗauka daga tarihinsa: Karima 'yar Ahmad al-Marwaziyya, malamar da ta zauna a Makka tana karantar da Sahihul Buhari har ta rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, wadda ruwayarta tana cikin waɗanda manyan masu sharhin littafin suka dogara da su. Ita ma laƙabinta na gari ne, Marw, a ƙasar Turkmenistan ta yau.